Harbin Kiran Suna a Gidan Baba Illa

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta gan ni a bakin famfo sai ta ce, "Barira, wai da gaske ke kika harba bindiga?" Wadda ba ta gan ni ba ta kira a waya, kuma kowacce da irin labarin da ta ji. An ce na suma. An ce na kashe jaki. Wata ma cewa ta yi an naɗa ni sarauniyar maharba. To ban suma ba, jakin kuma na baro shi yana cin ciyawarsa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, kafaɗata ta dama har yanzu ba ta gama yafe mini ba.

Kun san halina da ƙara. Ga waɗanda ba mu yi kolej tare ba, bara waccan ina cikin wata mota da 'yan bindiga suka tare a hanyar kudu da rana tsaka, ina dawowa daga wurin gwaggona. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu a motarmu, amma na ji harbi kusa da kunnena ina kwance da fuskata cikin yashi. Tun daga nan ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in ji ƙafafuna sun ɗauke. A lise in an buga ƙofar aji da ƙarfi, ƙarƙashin tebur ake samuna. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan. Na faɗa ne don ku gane sauran.

Yayata Zulai ce ta haihu, can ƙauyen mijinta Lawali ɗan Baba Illa, gaba da Kanan-Bakashe. Haihuwar fari a gida Maijirgi ta yi ta, don haka wannan ne karon farko da za mu je musu suna. Inna ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, aka ce ni da Yaya Sani mu wakilci gida tunda ina hutun bakans. Ta haɗa mana kaya, sabulu da atamfa da daddawa, da wani babban kwano cike da yajin jego da ta daka da hannunta. Ta rufe bakinsa da leda, ta ɗaure da tsumma, ta ce in riƙe shi a cinya kamar jariri.

Har Tasawa lafiya lau. Muna tasha muna jiran motar arewa ta cika, wayar Yaya Sani ta yi ƙara. Maigidansa ne, wai direban babbar motarsu ya kwanta ciwo, ga kaya an loda za su Agadas, ya zo yanzu-yanzu. Ya ajiye mini jaka a gaba.

"Ki gaida su Baba Illa, ki ce na so zuwa. Abin nan kuma, ki yi mini shi kawai, ba wuya."

"Wane abu?"

"Za su gaya miki."

Ya dube ni, ya sosa ƙeya kamar zai ƙara magana, sai ya haye bayan babur ɗin kabu-kabu ya tafi. Ni a zatona goro zan raba wa maza a madadinsa.

Motar da muka shiga ƙaramar bas ce wadda ta ga duniya. Hagu da ni wata mata da kwandon zabi, dama da ni wani dattijo mai farin gemu a gyare, zaune tsaye kamar an sa masa sanda a baya. Mun bar gari ke nan, direba ya sauya giya, motar ta saki wata ƙara ta bututun hayaƙi. Ban san lokacin da na nutse ƙasa ba. Na tsinci kaina da goshi a kan kwandon zabi, su suna ihu ni ina salati, kwanon Inna kuwa ya kife a tsakanin ƙafafun mutane, ledar ta yage.

Kun san yajin Inna. Na gaba ya fara atishawa, na baya ya amsa, kafin wani lokaci mota gaba ɗaya ta ɗauka, har zabin. Direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana share hawaye da ɗaya.

"Wace mai jego ce muka ɗauko ba a gaya mini ba?"

Matar mai zabi ta taya ni kwashe abin da ya kwasu, tana dariya tana cewa ai ko banza ta samu an yi wa zabinta yaji tun da ransu. Dattijon nan bai yi dariya ba sai da ya ga na koma kujera. Ya ce sunansa Sha'aibu, jandarma ne da, ya ajiye aiki ya koma noma.

"'Yata, irin wannan nutso ba a ajin lakwal ake koyonsa ba. Kin taɓa jin ta gaske."

Na ce eh. Bai tambaye ni ina ko yaushe ba. Sai ya shiga ba ni labarin kansa, wai ranar farko da aka ba shi ƙaramar bindiga pistole a wurin horo, irin mai juyawar nan, yana danna kunama ya jefar da ita ya riƙe kai. Wai mai kula da makamansu wani tsoho ne da yake tara kwanson harsashin da aka riga aka harba, ya sake cika su da kansa da ɗan albarushi kaɗan, don sababbin shiga su koya a kan gwangwani ba tare da hannunsu ya yi tsalle ba.

"Da shi na koya. Har na bar aiki na fi son harbin gwangwanin nan da na gaske."

Na ce masa ni dai ko na gwangwanin ne a kai kasuwa. Ya ce Allah ya sa kar bukata ta kama. Na ce amin da ƙarfi, ban san abin da ke jirana ba.

Kun yi ta tambayata ko an tsallaka iyaka, kamar wata ƙasa na je. Iyakar da na gani igiya ce da aka ɗaura wa tsummoki aka gitta a hanya, da rumfa, da jandarmomi. Ɗaya ya taho da bindiga a rataye, ni kuwa na shiga laluben kart ɗina na shaidar lise. Ya zura kai ta taga ya ce kowa ya fito da takardunsa. Bai rufe baki ba yaji ya kama shi. Ya yi atishawa, ya ja baya, ya sake yi, ya ɗaga wa na rumfa hannu a sauke igiya. Malam Sha'aibu ya ce duk shekarun da ya yi yana tsaron shinge bai taɓa ganin takardar wucewa mai ƙarfin wannan ba.

A Kanan-Bakashe muka rabu. Ranar kasuwa ce, na sayi waina mai zafi na ci a tsaye, ina cikin lasar yatsa na ji murya a bayana.

"Ga amaryata 'yar lakwal. Ina ɗan rakiyar?"

Lawali ne, mijin Yaya, da amalanken jaki. Tun ina ƙarama haka yake kirana, ni kuma in ce ban auren mai jaki. Na gaya masa Yaya Sani ya wuce Agadas. Dariyar fuskarsa ta ɗan tsaya.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ban isa ba ne?"

"Kin isa mana. Hau mu tahi."

Damina ta yi kyau a wajensu. Hatsi ya fi mutum tsawo, hanyar amalanke ta zama kamar lungu, ba ka ganin komai sai ganye dama da hagu da sama a bisa. Lawali yana nuna mini da bulala, nan gidan su wane ne, can zangon Bugaje ne, can rugar Fulani, ni kuwa ban ga ko rufin ɗaki ɗaya ba. A wani kwari ruwa ya kwanta, jakin ya tsaya ya ce shi ba ya shiga. Muka sauka, Lawali yana ja ina turi, takalmina ɗaya ya zauna a cikin laka sai da aka tono shi da hannu. Haka na shiga gidan surukan Yaya, ƙafa ɗaya ja ɗaya baƙa, ina warin yaji.

A zaure na fara ganinsu. Bindigogi ne dogaye rataye a bango, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, waɗanda mu a gari muke kira harba-ka-ruga. Na san gidan maharba ne Yaya ta yi aure, amma sani daban, ganin abu a saman kanka daban. Na runtse ido na wuce da sauri.

Yaya Zulai ta yi kyau, ta yi fari, jaririyar kuma ga gashi. Uwar mijinta, Inna Kuluwa, wata doguwar tsohuwa mai murya kamar ta namiji, ta kawo mini ruwa da fura a ƙwarya. Furarsu ba sukari, nono ne tsantsa mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. Ina sha tana kallona.

"Ina kawun jinjira?"

Na ce ya wuce Agadas, aiki ya taso.

"To wa za ya yi kiran?"

Da ta fita Yaya ta jawo ni kusa ta yi mini bayani. A gidan Baba Illa ba a aika goron gayyata. Gidajensu a warwatse suke cikin gonaki, don haka tun kakanni, ranar suna da safe ake harba bindiga sama. Duk wanda ya ji ya san an kira shi, sai ya taso. Dangin uba su ke yanka rago, dangin uwa su ke yin kiran, don a san mai jego tana da mutane a bayanta. Abin da Yaya Sani ya ce in yi masa ke nan, ba wuya.

Na ajiye ludayin.

"Kar ki damu," in ji Yaya. "Lawali zai harba. Ba farilla ba ce."

"In shi ya harba me za a ce?"

Ta gyara wa jaririya zane, ba ta dube ni ba. "Abin da aka saba cewa. Wai 'yar bakin kwalta ce, danginta ba su san hanyar nan ba. Na saba, Barira. Bar shi."

Gaskiya ne kuma, tun da aka kawo ta ba wanda ya taka ƙauyen nan daga gidanmu sai Yaya Sani, shi ma sau ɗaya. Kullum ita ke zuwa.

Bayan la'asar Baba Illa ya aiko a kira ni. Ɗan ƙaramin tsoho ne, ba ka ce shi ya haifi ƙaton nan Lawali ba, idonsa ɗaya ya ɗan yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ashe Yaya ta gaya wa Inna Kuluwa abin da ya same ni, ita kuma ta gaya masa.

"Ɗiyata, ba mu tilasta baƙo. Amma zo ki ga wasan tsoffi, in ba ki so ki komo."

Bayan gari akwai wani fili gindin gawo inda ba a shuka ba. Can na tarar da wasu tsofaffi abokansa zaune a kan buzu, an kafa turke nesa kaɗan, an kifa masa fasasshiyar ƙwarya. Wai haka suke yi duk yammacin da ba ruwa. Namun daji sun ƙare, daji ya zama gona, su kuma hannu ya saba. Sai su taru su yi ta harbin ƙwarya suna yi wa juna tsiya.

Baba Illa ya zauna ya ɗora bindiga a cinya, ya buɗe wani ɗan ƙaho da yake zuba albarushi.

"Ɗuri iri-iri ne. Akwai na daji, wanga mun bar shi. Akwai na kira, shi ba a sa mai komi sai tsumma, ƙara a ka so gare shi. Akwai kuma na ƙwarya, namu na masu ciwon kahwaɗa. Shi kowa da nashi. Kuluwa, duba min ita."

Inna Kuluwa ta zo ta kama kafaɗata ta danna da babban yatsa, gaba da baya, kamar mai tayin rago a kasuwa.

"Ta kurciya ce. Rage."

Ya zuba a tafin hannu, ya dube ni da idon nan mai kyau, ya mayar da wani cikin ƙaho. Ta ce ya ƙara ragewa. Ya ce in ya ƙara ragewa sai dai ya tofa yawu a ciki. Wai haka suke aiki tun tana amarya, in namiji ne shi ke taɓa kafaɗa, in mace ce ita, kuma ba su taɓa yarda da awon juna ba. Ya ɗura, ya tura tsumma da wani siririn ƙarfe, ya sa ɗan curin yumɓu busasshe. A hankali yake komai, bakin bindigar kullum yana kallon gona, kuma duk wanda ya gitta ta gabansa sai ya sha faɗa, ko da tsoho ne ɗan'uwansa.

Ya ce shi zai fara don in ji. Na tsuguna bayan Inna Kuluwa, na toshe kunnuwa, na cusa fuska a zanenta. Ina jin ƙanshin yashin ranar nan a hancina. Na jira, na jira.

"An fa yi," in ji ta.

Abin da na ji ta cikin yatsuna bai fi tarin tsoho ba. Na ɗago, ga ɗan hayaƙi yana tashi, ƙwarya tana nan daram, abokansa suna ta yi masa dariya wai ya auna da idon da ya mutu. Ni ma sai na ji ina dariya, hawaye yana zuba.

Ban san yadda aka yi na yarda ba. Na dai ga bindiga a hannuna, ta fi yadda na zata nauyi, Inna Kuluwa a bayana ta dafa ni da tafin hannu tsakanin kafaɗu. Na farko ido rufe na harba, wai yumɓun gonar wake ya tafi. Abin ya ɗan ture ni kamar yadda ƙawa take ture ki in kin yi mata tsiya. Na gaba na buɗe ido ɗaya. Na ƙarshe turken na samu, ƙwaryar ta girgiza ta faɗo, tsofaffin nan suka kaure da gardama, wasu sun ce an ci, wasu sun ce turke ba ƙwarya ba ne. Har aka kira magariba ba su gama ba.

Da dare aka ba ni tuwon hatsi da miyar kuka da naman zabo. Na ci sosai. Na ce wa Yaya gobe ni zan yi kiran. Ta dube ni, ta ce in kwanta.

Gari ya waye da hadari a gabas amma ba ruwa. Mata sun tashi tun asuba, ana suyar waina, an jera tukwane, rago yana ɗaure, liman ya zo ya zauna a tabarma da 'yan gida. An riga an sanar da maigari za a yi harbi, kamar yadda ake yi yanzu saboda halin da ake ciki. Baba Illa ya fito da bindiga a ɗure, muka tsaya ƙofar gida. Inna Kuluwa ta dafa ni. Na ɗaga sama, na yi bisimilla, na danna.

Ta yi tarinta irin na jiya. Na ji daɗi ƙwarai, har na juya ina murmushi. Mata suka yi guɗa, amma guɗar ta fi harbin ƙara. Jakin Lawali yana ɗaure nan kusa, ko kunne bai ɗaga ba.

Aka zauna jira. Rana ta ɗaga. Waina ta huce aka mayar a wuta. Liman ya duba hanya, ya duba carbinsa. Hanyoyin da suka fito daga cikin hatsi ba kowa, ko kare. Lawali ya hau wani tsohon suri inda rezon waya yake kamawa, ya kira wani baffansa a gidajen gabas, ya sa mu duka muna ji.

"Baffa, ba ku taso ba?"

"Mu da munka shirya tun assalatu? Ga mu zamne da takalma a ƙahwa. Ba mu ji kira ba."

"An yi kira."

"To mu dai ba mu ji ba. Tsohuwar gidana ta ce ta ji wani abu, munka ce akuya ce."

"To ga shi ina gaya muku, ku taho."

"Lawali, sunan gidan Illa ba a zuwa nai da kiran salula. Mu ba mayunwata ba ne."

Ya kashe. Nan na gane abin. A wurinsu wanda ya zo ba a kira shi da bindiga ba, kamar ya zo roƙon abinci ne. Ga mutane can cikin hatsi sun yi wanka sun yi ado suna zaune, ga mu nan da tukwane cike, tsakaninmu ba komai sai ƙarar da ban yi ba.

Baba Illa ya sunkuyar da kai. "Laihina ne. Na ɗauko na kira, na tuna yadda ta ɓoye huska jiya, hannuna ya ƙi. Na ƙwarya na sa mata."

Wata tsohuwa daga cikin masu suya ta ce, ba da mugunta ba ma, wai mutanen bakin kwalta ko kiransu a hankali yake, kar su tashi maƙwabta. Aka yi dariya. Na leƙa ɗaki, Yaya tana zaune cikin sabuwar atamfar da Inna ta aiko, jaririya a hannu, ita ma tana taya su dariyar, idonta a kan tabarma. Ta ɗago ta ce a gaya wa Lawali ya harba kawai, rana tana yi.

Baba Illa ya riga ya miƙa wa Lawali hannu ya zo ya karɓi bindigar. Ni dai na ji bakina ya buɗe.

"Baba, ku ƙara."

"Mi?"

"Ku sa na kiran. Ni zan yi."

Ya dubi matarsa. Ta zo ta sake danna kafaɗata, ita ce dai ta jiya, ba abin da ya ƙaru a kanta cikin dare.

"Har yanzu ta kurciya ce," in ji ta. "Amma sa mata. Ina baya."

Ya zauna ya ɗura a gabana, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wannan za ta yi ƙara, za ta yi shuri, in manna ta sosai a jiki, kar in sake ta ko me na ji. Inna Kuluwa ta ciro auduga ta cusa mini a kunnuwa. Lawali ya kwance jakinsa ya ja shi nesa, yana cewa amaryata, in kin kashe mini shi sadakinki ya tafi. Baba Illa ya miƙo mini bindigar. Na ɗaga. Na ce a raina, wannan ni ce zan yi ta, ba yi mini za a yi ba. Na danna.

Ba zan iya kwatanta muku ba. Na ga fari, na ji kamar an buge ni da taɓarya, sai ga ni zaune a ƙasa a kan ƙafafun Inna Kuluwa, ita ma zaune, bindiga tana hannuna ban sake ta ba. Hayaƙi ya rufe mu. Tsuntsaye suka tashi daga gawo gaba ɗaya. Abin nan ya zo mini kamar kullum, ina neman inda zan shige, ina neman ƙasa in kifa fuska. Inna Kuluwa ta riƙe ni gam ta cire mini audugar.

"Tsaya. Saurara."

Da farko kunnena kawai ke kuka. Can sai na ji guɗa siririya daga gabas, nesa. Wata ta amsa daga arewa. Ba a jima ba hatsi ya fara motsi, mutane suka fara ɓullowa ta kowace hanya, maza da manyan riguna, mata da ƙore a ka, Bugaje da rawunansu, matan Fulani da nono, yara suna gudu a gaba. Ina zaune a ƙasa ina kallonsu. Ni tun da nake, in an ji bindiga gudu ake yi a bar wurin. Ban taɓa ganin an ji ta an taho ana dariya ba. Na yi kuka sosai a wurin nan, ba wanda ya hana ni.

Baffan nan na waya da ya iso ya tambaya wa ya yi kiran, aka nuna ni.

"Wagga? To ta farkon fa?"

"Gwaji ne," in ji Baba Illa.

Aka raɗa wa yarinya suna Hadizatu, sunan Innarmu. Mata suka yi ta shiga ɗaki suna cewa Zulai ashe ƙanwarki namiji ce, Zulai danginki sun iya kira. Da na shiga Yaya ta miƙo mini jaririyar, na ce hannuna ba ya ɗaguwa, sai ta ɗora mini ita a cinya ta bar hannunta a kan nawa.

Na ci naman suna da hannun hagu, liman ya ce lalura ce. Wata Buzuwa ta ba ni cuku, Inna Kuluwa ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafin mai jego, wurin ya yi baƙi kamar an shafa shuni. Kwana biyu na ƙara. Kowace yamma ina zuwa gindin gawo in zauna, ba na harbi, amma na daina toshe kunne. Ranar da zan taho Baba Illa ya ba ni fasasshiyar ƙwaryar nan, ya ce gardama ta ƙare, an yanke na ci.

Kar ku ce na warke, ban warke ba. Jiya ma Inna ta yar da faranti na tsinci kaina bayan randa. Yaya Sani kuma ya kira daga Agadas yana wani tambaya ko an gaya mini abin, na ce ya dawo tukuna, ina da magana da shi.

Amma ga abin da ya faru a hanyar dawowa. Mun sauka tashar Tasawa, ina ɗaure jaka, wata babbar mota ta fasa taya a bakin kwalta. Na nutse kamar yadda na saba, na rungume ƙafar wata mai sayar da gyaɗa. Matar ta sunkuyo tana cewa taya ce 'yata, taya ce, tashi. Na ɗago ina haki, na buɗe baki in ba ta haƙuri. Abin da ya fito shi ne, "Wa ta haihu?"